Takalma a Bakin Teku

Ranar da na gaya wa ɗana Norihiko cewa zan sayi motar kwana, irin mai gado da murhu da banɗaki a ciki, bai tambayi kuɗinta ba, bai kuma tambayi inda zan je da ita ba. Ta waya ina jiyo talabijin ɗinsu can Osaka, sai ya kira ni Mama da yarenmu, ya ce, "Kaa-san, yaushe rabonki da likita?"

"Makon jiya. Ya ce in gaishe ka, ka rage tumbi."

"Mai lantarki ce motar?"

"Dizal."

"Sabuwa dai ko?"

"Ta girmi 'yarka da ke jami'a."

Sai na ji ya kashe talabijin.

Shekarata saba'in da huɗu. Tun rasuwar mahaifinsa yake bina da magana ɗaya: in mayar wa 'yan sanda lasisin tuƙina kamar yadda tsofaffin kirki ke yi, in kulle gidanmu na Shimane, in koma wurinsu a saman bene. Wai in ka mayar har takardar yabo ake ba ka, da rangwamen kuɗin tasi. Tasi ɗaya ce a garinmu, direbanta kuma ya girme ni.

Kowa yanzu ya ce dizal ta mutu. Talabijin ya faɗa, jarida ta faɗa, har mai sayar mana da kifi ya faɗa, shi da bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba. Ni kuwa na tsufa ina koyar da kimiyya a sakandare, na fi Norihiko sanin abin da ke fita daga salansa, ba na kuma cewa turare ne. Amma motar nan an riga an ƙera ta, ni ma an riga an ƙera ni. Hanin da ake ta zancen zai zo, a kan sababbin motoci ne, kuma sai nan da wasu shekaru. Kafin lokacin, ko ni ko ita wata ta kwanta. Arahar ma daga nan ta zo: manyan birane sun daina yi wa irinta rajista, mutane na ta rabuwa da su kamar masu ƙaiƙayi. Abin da Norihiko ya gane nan take ke nan. Motar da ba ta da wurin zama a Osaka, mai ita ma ba zaman Osaka za ta yi ba.

Dalilina ba mai tsawo ba ne. Mu da muka gama kwalejin horon malamai tare mun watsu a ƙasa. Duk ƙarshen shekara, maimakon katin gaisuwa daga wata, sai katin makoki ya zo daga 'ya'yanta. Waɗanda suka rage suna ƙauyukan da jirgin ƙasa ya daina tsayawa. Ina so in gan su da idona, in kwana a ƙofar gidansu ba tare da na sa surukar kowa yin shimfiɗa ba.

Muka yi ta ja har ya kawo sharaɗi. Zai zo ranar Asabar ya zauna kusa da ni in tuƙa motar. In na yi kuskure ɗaya, ko mantuwa ɗaya komai ƙanƙantarta, ranar Litinin lasisi ya koma hannun hukuma, ni kuma in fara ɗaure kaya. In ban yi ba, ya rufe bakinsa har abada.

"Har abada fa ka ce."

"Na ce."

"To zan zo da Tsuyako ta zama shaida."

Na ji ya yi tsaki a hankali. Tsuyako ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ta riƙa yi masa aski a shagonta har ya shiga sakandare, kuma har yau ba ta daina kiransa Nori-chan a gaban mutane ba.

Mun haɗu da mai motar a wurin hutun matafiya da ke kan dutse a bakin teku, don nan ne kaɗai a yankin ake cajin mota, Norihiko kuwa ya iso da batir yana haki. Motarsa fara ce, sumul, ba ta da murya ko kaɗan. Har ta tsaya a bayanmu Tsuyako ba ta sani ba, sai da ya buɗe ƙofa ta yi tsalle.

"Nori-chan! Ka sayi motar ɓarayi?"

"Ina kwana, Tsuyako-san."

"Ka ƙara ƙiba. Gashin kuma ya ragu. Ai na gaya maka tun kana yaro ka daina sa hula."

Motar kwanan tana can ƙarshen fili, a jikin shingen ƙarfen da ya raba wurin ajiye motoci da bakin dutse, saboda girmanta. Kalarta ta taɓa zama fara. Mai ita, Moriwaki-san, ɗan tsamurmurin dattijo ne da farar safar hannu, yana goge madubin da ya riga ya goge. Na taɓa koyar da 'yarsa, shi ya sa ya kira ni Sensei, wato malama, ya rusuna har hularsa ta faɗi.

"Sensei, ga ta nan. Ƙarshen wata zan mayar da lasisina. 'Ya'yana mata uku ne, kin san ba a cin yaƙi da uku."

"Ka ji ko, Kaa-san," in ji Norihiko. "Ga mutum mai hangen nesa."

Moriwaki-san ya dube shi irin kallon da akuya ke yi wa mahauci. Ya juyo gare ni ya shafa jikin motar. "Injin nan ba ya mutuwa, Sensei. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Na taɓa buɗe tsohuwar zuma na tarar da tururuwa. Tada ta mu ji."

Ya tada ta. Tsuntsayen teku da ke kan shinge suka watse gaba ɗaya. Na tsaya a baya ina duban hayaƙin: ya fito baƙi da fari, sannan ya washe. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi don in ga aikin da gishirin teku ya yi wa ƙarfe, na miƙe da kaina ba tare da na riƙe hannun kowa ba, na kuma tabbatar Norihiko ya gani.

Ƙofar ɗakin motar tana ta gefen shinge. Moriwaki-san ya buɗe, ya cire takalmansa a ƙasa ya hau. Na cire nawa na bi shi. Ciki tsaf, da ɗan labule mai furanni da matarsa ta ɗinka kafin ta rasu, da butar shayi a ɗaure da igiya don kada ta faɗi. Tsuyako ta cire nata jajayen, na zuwa biki, ta sunkuya ta jera namu duka ukun, ta juya kawunansu waje kamar yadda ake yi a kowane gida mai tarbiyya. Waje kuwa a nan teku ne. Norihiko ya tsaya fama da igiyar caji, shi ne ya zo ƙarshe. Ya cire baƙaƙen takalmansa na ofis, ya daidaita su a jikin namu, ya shigo, ya ja ƙofa.

Akwai akwatin takalma a ƙarƙashin matakala. Ranar dai Moriwaki-san bai tuna da shi ba, don yana nuna mini murhu idonsa ya cika da hawaye, muka shiga ba shi haƙuri.

A gaban kujerar direba akwai wasu 'yan takalman yadi na tuƙi, waɗanda ya ce ba su taɓa taka ƙasa ba tun da aka saye su. Suka yi mini daidai. Norihiko ya zauna a gefena ya fito da waya.

"Kashe ta."

"Kaa-san, hanya zan duba."

"A hanyar nan aka kai ni asibiti na haife ka. Mai sa ido a jarrabawa ba ya riƙe waya. Kashe."

Ya kashe. Na gyara kujera, na gyara madubi, na duba dama, na duba hagu, na sa sigina ko da yake babu kowa, muka fita.

Tuƙa ta kamar jan saniya ne zuwa kasuwa: tana zuwa, amma sai ta nuna maka ba don son ranta ba. A kan hawa kuwa sai da ihu muke jin juna. Motoci suka yi layi a bayanmu, na samu fili na raɓe suka wuce, kowa na ƙyafta mini fitilar godiya.

"Kin ga kin tare hanya!" in ji Norihiko.

"Na ga sun gode!"

"Hayaƙin nan jikokinki ne za su shaƙa!"

"Jikata sau biyu ta hau jirgin sama bana don ta je kallon mawaƙa! Kai ka biya!"

Daga baya Tsuyako ta ɗaga murya, bakinta cike da dunƙulen shinkafa. "Nori-chan, ka samu kuskuren ko in zo in taya ka nema?"

Bai samu ba. Na tsaya cak a mararrabar jirgin ƙasa, na sauke gilashi na saurara, ko da yake jirgi ya daina bin layin tun tuni. Na bi kwanar nan mai kama da ƙugiya ba tare da taya ta taɓa farin layi ba. Moriwaki-san yana bayana yana canja giya da hannunsa a iska, yana cewa "Yauwa, yauwa." Da muka kai ɗan shagon shayi na kan tsauni, fuskar Norihiko ta yi kama da ta wanda ya sayi kifi ya tarar ƙaya ce zalla.

Na ja birkin hannu na kashe inji. Tsuyako ta miƙe ta ce ita sai ta sha shayi mai zafi. Ta buɗe ƙofa, ta miƙa ƙafa, ta tsaya da ƙafar a sama.

"Moriwaki-san, ina ka sa takalman?"

Ya buɗe akwatin ƙarƙashin matakala. Babu komai sai burushi.

Sai Norihiko ya juyo a hankali, fuskarsa ta haskaka kamar yaron da aka ba alewa.

"Kaa-san. Mantuwa."

"Ta wa?"

"Direba ke duba kewayen mota kafin ta tashi."

"Na duba. Yaro nake nema ko kare. Ba a koya mini neman takalmin ƙato ɗan shekara arba'in da tara ba."

"Sharaɗi sharaɗi ne."

"Wa ya shigo ƙarshe?" in ji Tsuyako. "Wa ya ja ƙofa? Laifi tudu ne, Nori-chan, ka taka naka kana hangen na uwarka."

"Laifina ne," in ji Moriwaki-san yana rusunawa. "Shekara da shekaru ban taɓa mantawa ba. Ashe 'ya'yana sun yi gaskiya."

"Kai kuma yi mana shiru, kada ka ba shi makami," in ji Tsuyako, sannan ta juyo gare ni. "Kinu-chan, juya motar nan. Jajayen nan sau biyu kawai na sa su."

Muka juyo. Duk gangarowar Norihiko na bayani a kan yadda abin ke farawa: yau takalmi, gobe murhu a kunne, jibi a tsinci mutum a wani gari bai san sunansa ba. Ya karanta a mujalla. Na ƙyale shi, don ana bukatar hankali a gangara. Na san ɗana. In ya kama igiya ba ya saki, kuma ni na yarda da sharaɗin da bakina.

Tun daga kwana ta ƙarshe muka hango jajayen fitilu. Motar 'yan sanda biyu, da ta 'yan kwana-kwana. An zagaye ƙarshen filin da igiya mai ruwan ɗorawa. Mutane sun yi cincirindo, wasu maza sanye da hular kwano suna zura igiya ta kan shinge, can ƙasa kuma jirgin masunta yana zagaye a gindin dutse.

"Wayyo," in ji Tsuyako, ta haɗa tafin hannuwanta. "Wani ya faɗa. Ɗazun nan fa muka bar wurin. Ko wane ne, ya huta lafiya."

Na rage gudu. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango su: takalmanmu mu huɗu a jere, tsaf, kawunansu na duban teku. Wani ya ajiye furanni a gabansu, da gwangwanin shayi.

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ga takalma a jere a bakin dutse babu masu su: masu su sun faɗa teku da gangan. Balle huɗu. Balle ga wata mota mai lambar Osaka a gefe, caji ya cika tuntuni, mai ita bai dawo ba.

"Kinu-chan," in ji Tsuyako da ƙaramar murya, "mu ne muka huta lafiya."

Babu wurin tsayawa sai can ɗaya ƙarshen, tsakanin manyan motocin kaya biyu. Na shiga da baya, a tashi ɗaya. Babu wanda ya yaba, don babu wanda ya lura.

Dole wani ya je ya yi bayani, kuma an yi yayyafi, filin duk ruwa. Norihiko ya gwada takalman tuƙi, rabin ƙafarsa ma ba ta shiga ba. Moriwaki-san ya buɗe banɗaki ya fito da abin da ya rage: silifas kore na roba, da hoton agwagwa, an rubuta "banɗaki" ɓaro-ɓaro a kan kowace ƙafa.

"Ba zan taka waje da wannan ba."

"To tafi da safa," na ce.

Ya dubi ruwan, ya dubi agwagwar. Ya sa.

Ta gilashi muka kalle shi yana ratsa filin cikin kwat, ɗas, ɗas, ɗas. Mutane suka fara duban ƙafarsa, sannan fuskarsa, sannan suka koma ƙafar. Ya isa gaban babban ɗan sandan ya rusuna. Ya nuna mu, ya rusuna. Ya rusuna wa 'yan kwana-kwana, ya rusuna wa mai sayar da gasasshen kifin da ta ajiye furanni, ya je bakin shinge ya rusuna wa jirgin masunta.

"Tun da nake ban taɓa ganin yaron nan da ladabi haka ba," in ji Tsuyako.

Suka dawo tare da ɗan sandan, kowane takalmi a cikin ledarsa. Mutum ne mai furfura da muryar gajiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙidaya mu da ido.

"Duk kuna raye?"

"Gwargwado," na ce.

"Wa ke tuƙi?"

Na miƙa masa lasisi. Ya duba ya mayar mini. "Wa ya shiga ƙarshe?"

Norihiko ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Ranka ya daɗe, a wata uku wannan ne karo na biyu da masu motar kwana suka yi mana haka. Wancan karon mutum ɗaya ne. Ku kun zo da iyali." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Af. Ka kira gida. Mun bi lambar motarka mun sanar da matarka."

Yana kunna wayar ta ɗau ƙara. Ba sai an sa a lasifika ba, duk motar na ji. Surukata Chizuru, wadda tun aurensu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, wadda in ta zuba mini shayi sai ta ba shayin haƙuri, tana cikin jirgin ƙasa ta nufo Shimane, da baƙar riga a jaka. Ta yi kuka, ta zage shi, ta sake kuka, ta tambaye shi ko ya san ta riga ta kira ofishinsu. Sannan ta ce, "Ba ni Okaa-san."

Na karɓa.

"Okaa-san, kina son motar nan?"

"Ina so."

"To ki saya. Da 'yan sanda suka kira, abin da ya fara zuwa raina shi ne ya matsa miki da zancen Osaka har abin ya kai haka. Ni dai yau zan faɗa. Ɗakin da yake cewa naki, ko shimfiɗa ba ta miƙewa a ciki. Ke ba kya son zuwa, ni kuma..." Ta tsaya.

"Ke kuma ba kya son in zo."

"Ina son ki, Okaa-san. A Shimane."

"Ni ma ina son ki a Osaka, 'yata."

"To me ya hana mu faɗa tuntuni?"

"Tarbiyya."

Ta yi wata dariya mai haɗe da majina, ta ce tun da ta riga ta biya kuɗin jirgi za ta ƙaraso, a dafa da ita.

Norihiko na zaune a kan matakala, har yanzu agwagwa a ƙafarsa, ledar takalmana a cinyarsa. Tsofaffin takalma ne masu faɗi, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ya daɗe yana dubansu.

"Da na isa wurin na gan su da furanni a gaba," ya ce, "na san kina cikin mota. Na sani sarai. Amma duk da haka."

Na zare takalman tuƙi daga ƙafata.

"Kuskure dai an yi," ya ce can.

"An yi."

Bai tambayi na wa ba, ni ma ban ƙara ba. Ya ciro takalman daga leda, ya ajiye mini su a kan matakala.

Takardu suka ɗauki mako biyu. Ranar da aka kawo ta gida, Norihiko ya sake zuwa, wai don ya ga ko za ta shiga. Ba ta shiga ba. Ginshiƙin ƙofar gida na hagu ya tare ta da kamar faɗin tafin hannu. Mahaifinsa ne ya gina ginshiƙin da kansa, a karkace, kuma har ya rasu bai yarda a karkace yake ba.

Muka tsaya mu biyu muna kallonsa. Na jira in ji an ce ga shi nan, dama an faɗa. Sai ya cire kwat ya rataye a madubin motar, ya naɗe hannun riga.

"Kaa-san, ina babbar gudumar Baba?"

"Tana rumbu, bayan tulun tsami. Ka cire agogonka tukuna."